Ƙarar da Kawu Ya Bari

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya riga mu komawa a ƙarshen daminar nan, a gidansa da ke Tambuwal. Ya yi alwalar azahar, bai kai ga masallaci ba.

Masu zuwa gaisuwa iri biyu ne, kuma ba su saba zama tabarma ɗaya ba. Akwai malamai, domin Kawu ɗan gidan malamai ne. Akwai kuma makaɗa da mawaƙa, domin aikinsa ke nan tun yana saurayi: ɗaukar muryoyin mutane da gyara su. Makaɗan sun bar gangunansu a gida, suka zo suka raɓe a bakin zaure, ba su san inda za su sa hannayensu ba. Wani limami ya matsa ya ba su wuri. Wani tsohon makaɗin noma daga wajen Fakku ya ce duk wanda ya taɓa ɗaukar kiɗansa sai ya ce masa ya rage ƙarfi, Kawu kaɗai ya ce masa ya buga kamar manoma na gabansa. Limamin ya ce shi ma Kawu ya ɗauki karatunsa na azumi, bai taɓa ce masa ya maimaita ba. Suka dubi juna, suka ce Allah ya jiƙansa, kusan a tare.

Da la'asar wata ƙanwarmu ta aiko daga cikin gida, ta ce mata na so a kunna musu muryar marigayi su ji. Babban ɗansa, wanda yake taubashina, ya ɗauko kwamfutar uban ya shiga nema. Ya ga muryoyin masu wa'azi, da masu bege, da 'yan makaranta, da mata masu waƙar daka. Ya duba wayarsa, ya tambayi 'yan'uwa. Kawu ba ya aika saƙon murya, kira yake yi ko ya hau babur ya zo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana adana muryoyin jama'a bai bar tasa ba ko a wuri ɗaya. Taubashina ya rufe kwamfutar. Mahaifiyata, Inna, da aka gaya mata, ta ce, “Haka shike tun yana yaro. A ba shi fura ya miƙa ma na kusa.”

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, da ajami tukuna kamar yadda hannuna ya saba, sannan na mayar da shi boko saboda yara.

Kawu ya fara ne da rumfar kaset a bakin kasuwar Tambuwal. A lokacin dangi ba su ji daɗi ba. Wani yayansu ya daina cin abinci da shi na wani lokaci, yana cewa ɗan malam ba ya zama cikin makaɗa. Kawu bai yi musu ba. Abin da ya faɗa, wanda ake ta maimaitawa a gidanmu, shi ne, “Ni ban kiɗa, ban waƙa. Saurare nika yi.” Da kaset ya mutu mun ɗauka rumfar za ta bi shi. Sai ga shi da furfurarsa ya sayo kwamfutar cinya, ɗansa ya koya masa, ya ci gaba da aikinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a aikin nasa shi ne ɗan filin nan mai santsi da ke ƙasan madannan kwamfuta, wanda ake shafawa da yatsa kibiya ta motsa a fuskar na'urar. Kawu ya raɗa masa suna mashafa, mu ma muka bi shi. Duk masu haɗa waƙa da na gani a Tambuwal da Sakkwato da maus suke aiki, abin nan da ake riƙewa a tafin hannu ana ja a kan tebur ana dannawa. Sun ce ya fi sauri, ya fi kama daidai inda ake so. Kawu ya yarda da hakan. Amma maus ɗin da ɗansa ya saya masa ya ƙare a cikin aljihun jaka, igiyarsa a naɗe.

Ni malamin allo ne a Kebbe, ba ruwana da na'ura, amma duk lokacin da na je Tambuwal sai na zauna kusa da shi ina kallon yatsunsa. Murya tana fitowa a fuskar kwamfuta kamar kunyoyin gona da aka hango daga nesa, wani wuri tudu wani wuri kwari, tana tafiya daga hagu zuwa dama, abin da ya daɗe yana juya mini kai, ni da na saba da ajami. Idan ya sa yatsu biyu ya ja, sai muryar ta gudu gaba ko baya. Idan ya ware babban yatsa da manuni, sai kalma ɗaya ta buɗe ta cika fuskar, har ka ga inda mawaƙi ya haɗiyi yawu. Idan yana son ɗaga muryar da ta yi ƙasa, sai ya zana mata layi da yatsa, a hankali, yana bin waƙar da kunne, idonsa wani lokaci a rufe.

Wata rana na ce ya ba ni na gwada. Na zaro alƙalamin kara daga aljihuna na ja a kan mashafar. Kibiyar ba ta motsa ba. Na ƙara dannawa. Kawu ya yi dariya har da tari.

“Malam, ajiye alƙalaminka. Wagga ba ta jin kara, sai fatar mai rai.”

Na sa yatsa, kibiyar ta zabura ta tafi kusurwa ta ɓace. Ya ce hannuna ya saba da tawada, nauyi gare shi. Ya kuma nuna mini cewa mashafar tana amsa kira iri biyu. Idan ka taɓa ta sama-sama, tana yin abin da kake so ba tare da wani sauti ba. Idan ka danna ta da ƙarfi, sai ta ce ƙwas, kamar maus. Shi bai danna ta. Akwai kuma abin da ba ta so: jiƙaƙƙen hannu. Bayan kowace alwala sai ya tsaya yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da bakin rawaninsa, kuma idan zai yi aiki, da hagu yake ɓare goro. Inna ta ce da ya kula da matarsa yadda yake kula da wannan abu da ta yi ƙiba.

Na tambaye shi dalilin ƙin maus. Ya ce maus tebur yake so, tebur kuma kujera yake so. Yawancin waɗanda yake ɗauka sun girme shi, ko sun fi shi ilimi, kuma a ƙauyukansu yake samunsu, a kan tabarma ko buzu. “To in hau kujera, dattijo shina ƙasa, in ce mai hwara? Muryar da za ta hito ba tashi ba ce.” Don haka sai ya naɗe ƙafa, ya ɗora kwamfutar a cinya, ya yi ƙasa da kai. Wanda bai sani ba zai ɗauka ɗalibi ne ya zo ɗaukar karatu.

Wannan shi ne tushen gardamarsa da ɗansa, wadda ba ta taɓa ƙarewa ba. Taubashina ya buɗe nasa situdiyo a bakin hanyar Sakkwato, da tebur da manyan sifikoki, yana haɗa wa samari waƙoƙin biki, kuma ya iya aikinsa. Abin da uban zai wuni yana shafawa shi kafin shayi ya huce ya gama.

“Baba, wanga aiki naka kamar mai tsince tsakuwa cikin shinkahwa.”

“To ai shi ya sa ba a karya haƙori ga nawa.”

Sai su yi dariya, kowa ya koma ga nasa.

Yanzu bari na zo ga waƙar kakanmu, mahaifin Inna da Kawu. Malami ne, ya bar wata doguwar waƙa ta wa'azi da Hausa, a kan mutuwa da kwanciyar kabari da rahamar Ubangiji. Takardunta suna hannuna, da rubutun hannunsa, na kuma kwafe ta saboda tsaro. Baitocin ba su ɓata ba. Amma takarda ba ta riƙe karin murya. Yadda yake rera ta, inda yake jan numfashi, inda yake sauka, wannan kam mutum ɗaya ya rage da ya sani, ita ce Inna, domin ita ce ke zama bayan ƙofar zaure tana tsinkar zogale lokacin da yake rerawa. Kawu auta ne, ya haddace kalmomin amma ya ce karin ya gudu daga kansa. Ni kuwa idan na rera, Inna takan ce in bari, kada in tada mai waƙar. Ga shi ta tsufa, numfashinta ya fara gajarta. Kowa ya san idan ta tafi ba a ɗauka ba, waƙar za ta zama ta karantawa kawai.

Ta daɗe tana ƙi. Ta ce muryar mace ba ta shiga kasuwa. Sai da Kawu ya yi mata alkawari cewa ta gida ce, don jikoki su koya, sannan ta yarda.

Ranar da aka fara, Kawu yana fama da ciwon ƙafa, hanyar Kebbe kuwa da damina ba ta mai ciwo ba ce. Sai ya turo ɗansa. Taubashina ya zo da kayansa a bayan babur, ya ari ɗan tebur a maƙwabta, ya kafa makirfo a ɗakin Inna. Ni ina gefe da takardu. Inna ta yi bismilla ta fara. Muryarta ta fito siririya, amma karin yana nan, wani irin hawa da sauka da ban taɓa iya kamawa ba. Ba ta kai ƙarshen baiti na farko ba ta tsaya, ta koma farko. Ta sake tafiya, ta sake tsayawa.

“Gwaggo, ci gaba, daidai ne,” in ji taubashina.

Ta ci gaba, ta tsaya. Haka aka yi ta yi har hantsi ya yi zafi. Daga ƙarshe ta ja mayafinta ta ce, “Ku kwashe kayanku. Na mance ta. Tsuhwa ta ci ta.” Ta juya wa bango fuska. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Ni da taubashina muka yi ta zargin juna a zaure. Na ce shi ya tsorata ta da wayoyinsa kamar mai gyaran rediyo. Ya ce ni ne na zauna mata a gaba da takardu kamar alƙali, ya ƙara da tsokanar taubasai cewa wa zai iya waƙa bawa irina na zare masa ido. Na ce wa ye bawan wani tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, sai mu je a tambaya. Ba mu gano komai ba.

Da ya koma Tambuwal ya kunna wa uban abin da aka ɗauka. Taubashina ya ba ni labari cewa Kawu ya saurara sau ɗaya, ya mayar baya, ya ware yatsunsa a kan mashafa har wurin da ta tsaya ya buɗe. Kafin kowace tsayawa akwai wani ɗan tsini siriri.

“Mi ne ne wanga?”

“Maus ne, Baba. Ina sa alama, ina daidaita ƙarfin murya. Ai gogewa za a yi.”

Kawu ya sake saurarar ƙarar. Sannan ya gaya masa abin da ni ma ban sani ba. Kakanmu ba ya gyara wa mai karatu da baki. Idan ɗalibi ya yi kuskure, sai ya ƙwanƙwasa farcensa a kan allo sau ɗaya, ƙwas, ɗalibin ya koma baya ya nemo kuskurensa da kansa. Duk wanda ya tashi a gidan nan, wannan ƙara tana cikin jininsa. Inna ba ta manta waƙar ba. Duk lokacin da maus ya yi ƙara, ji take an ce ta yi kuskure, ta koma ta nema, ba ta samu ba.

Da ƙafar ta yi sauƙi Kawu ya hau bayan babur ya zo da kansa, wandonsa duk laka. Bai kawo maganar waƙa ba. Ya gaishe ta, ya sha fura, suka yi hirar waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi aure. Sai can ya ce, “Yaya, ashe an ce kin mance waƙar Malam.”

“Wa ya ce?”

“Yara.”

“Yaran da ba su san hannunsu na dama ba. Auta, kai ma ka zo ka yi mini dariya ne?”

“Na zo in ji ne. In kin mance sai mu mance tare.”

Ya zauna a ƙasa, ƙasa da gadonta, ya ɗora kwamfutar a cinya, ya jingina makirfo a kan matashi. Ya goge yatsunsa da rawani. Ni ya ce in koma bayanta da takarduna inda ba za ta gan ni ba. Ta fara. Ina kallon yatsansa yana yawo a kan mashafa kamar mai lallashin jariri, ba ƙara ko kaɗan. Baiti ya bi baiti. Awaki na kuka a waje, bai damu ba. Ta wuce inda ta tsaya a da, ta wuce wurin siffanta kabari, muryarta ta ƙara ƙarfi, har ta fara kaɗa kai yadda ta ce uban yana yi.

Can wajen ƙarshe ta tsallake baiti ɗaya, wanda yake roƙa wa iyaye gafara. Na gani a takarda. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, ba ni da bakin da zan ce mata ta yi kuskure. Na ɗaga kai na dubi Kawu. Shi ma ya ji, domin kalmomin suna kansa. Ƙane ne, kuma ya san idan ya yi magana za ta rufe baki ba za ta sake buɗewa ba. Na ga ya ɗaga yatsansa ya riƙe shi a sama. Sannan ya danna mashafar da ƙarfi, sau ɗaya. Ƙwas.

Inna ta tsaya. Ta yi shiru kamar mai lalube a cikin duhun ɗaki. Sai ta koma baya, ta kamo baitin, ta rera shi, ta zarce har ƙarshen waƙar. Da ta shafa addu'a ta dube shi ta ce, “Hannunka irin nashi ne.” Ya ce, “Kunnenki dai.” Ba wanda ya ƙara tada maganar.

Ya ɗauki sauran daminar yana gyaran wannan aiki, ba ya gaggawa. Inda numfashinta ya ƙare murya ta nutse, sai ya ɗago ta da yatsa. Ɗansa ya ce a cire numfashin, a daidaita muryar da na'ura, a sa ɗan amo a baya ta yi daɗi. Kawu ya ce jikoki suna bukatar su ji inda ake numfashi, in ba haka ba za su shaƙe a tsakiyar baiti. Ya gyara tun daga farko yana tafiya, kuma bai kai ga baitin iyaye ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki, taubashina ya zo Kebbe da kwamfutar don ya ƙarasa aikin a gaban gwaggonsa. Na lura bai nemi tebur ba. Ya zauna a ƙasa inda uban ya zauna. A tsakiyar mashafar akwai wuri da ya yi sheƙi saboda yawan shafa, ya ɗora yatsansa a kai, kibiyar tana ta kuɓuce masa.

“Yau ga gwanin maus ya zama ɗan koyo,” na ce.

“Kai dai riƙe karanka, Malam.”

Ya kunna. Muka saurara tun daga bismilla, Inna ta sunkuyar da kai tana jin muryarta. Aka zo wajen ƙarshe, ta tsallake baitin, sai ƙwas, sai shiru, sai ta dawo. Taubashina ya tsayar. Ya ware yatsunsa, ɗan tsinin ya fito a fuskar kwamfuta, shi kaɗai a tsakiyar fili.

“Gwaggo, nan ne ya rage. Zan yanke ƙarar da kuskuren, in haɗe, ba wanda zai gane.”

“Maido in ji.”

Ya mayar. Ƙwas.

“Ƙara.”

Ya ƙara. Ta miƙa hannu kamar za ta taɓa fuskar kwamfutar, ta fasa.

“Ranar gaisuwa kun ce kun nemi muryarshi ba ku samu ba.”

“Ba mu samu ba, Gwaggo.”

“To ga ta nan. Bar ta.”

“Har da kuskuren?”

“Har da shi. In ka cire kuskurena, mi za a ce ya gyara?”

Taubashina ya janye yatsansa daga mashafar ya ɗora hannun a gwiwa. Haka aka raba waƙar ga dangi. Yanzu jikoki suna koyonta a wayoyin iyayensu, kuma na ji wata ƙaramar jikar Inna tana rerawa a tsakar gida: ta zo wurin, ta tsaya, ta ƙwanƙwasa farce a bakin kwano, ta koma ta ɗauko baitin iyaye. Ta ɗauka haka waƙar take. Na buɗe baki zan gyara mata, Inna ta ɗaga mini hannu.

Ya Allah, bawanka ya zauna ƙasa a gaban bayinka, ya saurare su bai katse su ba. Ka saurari roƙonmu a kansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka haɗa shi da mahaifinsa a inda ba a rabuwa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.